Filtar Mazurari da Ƙurar Kaduna: Me Inji Ke Samu, Me Yake Biya?

Wata Asabar cikin watan Janairu ɗan yayata ya shigo gida da Corollarsa tana wani irin gurnani da ban san ta da shi ba. Bai ko kashe ta ba ya ɗaga bonat, ya ce, "Kawu, zo ka ga aiki." Baƙin akwatin robar nan da kamfani ke ajiye filtar iska a ciki, wanda makanikai ke kira iyakilina, an cire shi. A gurbinsa an ɗaura bututun ƙarfe mai walƙiya, an maƙala masa wata jar filta mai siffar mazurari a baki, tsirara, babu murfi. Ya ce wanda ya sayar masa ya tabbatar masa da abu biyu: mota za ta ƙara ƙarfi, kuma za ta rage shan mai. A ranar hazo ya lulluɓe gari, ko gadar Kawo ba ka ganinta sosai sai ka matso. Na dubi filtar, na dubi sama, hankalina bai kwanta ba.

Abin ya fara yawa a hannun samarinmu, kuma ba masu son gudu kaɗai ba. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, duk abin da aka ce yana rage shan mai ya samu kasuwa. Mai sayarwa kuma ba ƙarya zalla yake yi ba, shi ya sa maganar ke da wuyar warwarewa. Akwai gaskiya a cikinta, sai dai 'yar kaɗan ce, kuma tana zuwa da bashin da ake biya a hankali.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san gawayi ba ya ja sai an zuga shi. Haka injin fetur yake. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone tas, yana buƙatar iska kilo 14.7. Idan aka juya lissafin zuwa abin da muka saba, lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000, wato tankunan ruwa tara masu cin lita dubu-dubu. Ƙara wa inji mai abu ne mai sauƙi, nozul, wadda ke fesa wa inji mai, ce za ta daɗe a buɗe. Iska ce ke da wuyar samu, kuma ita ce ke yanke iyakar ƙarfin inji. Daga nan hujjar masu sayarwa ta taso: akwatin kamfani yana da lanƙwasa, yana da lunguna, filtarsa ta takarda ce mai kauri, don haka yana shaƙe inji; a cire shi inji ya sha iska ya more.

Tambayar da ba a yi ita ce, a ina ainihin shaƙewar take? Tana wurin totur. Tsakanin filta da inji akwai wani faifan ƙarfe da ke buɗewa gwargwadon yadda ka taka. Lokacin da kake tafe a titin Ahmadu Bello ko Ali Akilu a kan gudun kilomita 40 ko 50, faifan nan ɗan tsagawa kawai ya yi. Kai da ƙafarka ne ke hana inji iska, da gangan, domin ba ka buƙatar duk ƙarfinsa. Faɗaɗa hanyar da ke gaban faifan a wannan hali daidai yake da rushe ƙofar zaure a mai da ita ta gareji alhali ƙofar cikin gida a sakaye take. Filta ba ta zama abin damuwa sai an take totur har ƙasa, inji kuma ya hau juyi mai yawa. Injin Corolla mai lita 1.8, idan ya kai juyi 6,000 a minti, yana neman iska kusan lita 5,400 a kowane minti, kuma injiniyoyin da suka ƙera akwatin da wannan adadin suka yi awonsu. A ce ma akwatin yana cinye kashi biyu ko uku cikin ɗari na matsin iskar a wannan lokaci. To iyakar abin da za ka iya ƙwatowa ke nan, ko da ka cire filta gaba ɗaya ka bar bututu a wangale. A injin da ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, ana maganar doki uku ko huɗu, kwatankwacin abin da AC ke ɗauka idan ka kunna ta. Kuma sau nawa allurar motarka ke kai wa 6,000? Wataƙila daƙiƙa biyar ko shida, ran da kake son wuce tirela a hanyar Zariya.

Ko waɗannan dawakai uku ɗin ma, zafi na iya kwashe su kafin su iso hannunka, kuma nan ne na fi son mai mota a Kaduna ya tsaya ya yi tunani. Inji ba faɗin iska yake ci ba, nauyinta yake ci, domin iskar oksijin da ke cikinta ita ce ke ƙona mai. Iska mai zafi kuwa sakayau take. Duk ƙarin digiri uku na zafi yana rage mata nauyi da kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Idan ka bi bakin bututun kamfani da ido za ka ga ba a banza aka lanƙwasa shi ba: an kai shi gaba ne, bayan fitila ko saman lagireto ko cikin fenda, inda zai jawo iskar waje. Filtar mazurari kuwa, irin gajeren bututun da aka fi ɗaurawa a nan, tana zaune ne a tsakiyar ɗakin inji. Abin da take shaƙa shi ne iskar da fanka ta huro ta cikin lagireto, wanda ruwan cikinsa ke kaiwa digiri 90, haɗe da hucin bututun salansa. Ɗauki rana irin ta ƙarshen Maris ko Afrilu, waje yana digiri 38, kana tsaye cikin cunkoson Kasuwar Barci. A ce ƙarƙashin bonat ya kai 60, wanda ba abin mamaki ba ne. Iskar da inji ke samu ta rasa kusan kashi bakwai cikin ɗari na nauyinta. Ko rabin wannan asarar ce ta bayyana a ƙarfin mota, ta riga ta shafe ribar da ake taƙama da ita. Ga kuma wani ƙari: iska mai zafi tana sa cakuɗin mai ya riƙa kamawa da kansa kafin wutar fulogi ta gama bin sa, inji ya fara ƙwanƙwasa. Akwai sensa da ke sauraren wannan ƙarar, da ta ji sai ƙwaƙwalwar mota ta jinkirta wutar fulogi don ta ceci fistin. Jinkirin nan ƙarfi yake ragewa.

Gaskiya ne idan mota ta hau babban titi iska na ratsa ɗakin inji, zafin ya sauka, bambancin ya ragu. Kuma zafin bututun ƙarfen kansa, wanda mutane ke taɓawa su tsorata, ba shi ne babbar matsala ba, don iska na wucewa ta cikinsa da sauri ba ta tsaya ɗaukar zafi sosai. Inda bakin yake shi ne magana. Amma yawancin tuƙinmu na cikin gari ne, daga danja zuwa shataletale, kuma daidai lokacin tashi daga tsaye, inda direba ya fi jin ƙarfi ko rashinsa, shi ne lokacin da filtar ta gama jiƙa da huci.

Wani abin da ba kasafai ake tunawa ba: Kaduna tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku. Matsin iskarmu ya gaza na Legas da kusan kashi bakwai cikin ɗari, na Jos kuwa da ta haura mita 1,200 ya gaza da ninkin haka. Motar da aka sauke a tashar jirgin ruwa aka kawo nan ta riga ta bar wasu dawakanta a hanya, kuma babu filtar da za ta dawo da su. Sai na'ura irin turbo, mai tura iska cikin inji da ƙarfi, ce ke iya cusa iskar da sama ba ta bayar ba.

To me ya sa duk wanda ya ɗaura yake rantsuwa motarsa ta ƙara ƙarfi? Ban ɗauke su maƙaryata ba, kunne ne ke gaya wa jiki. Waɗancan ƙullutun roba da ke rataye jikin bututun kamfani, da makanike zai ce maka ba su da amfani, ɗakunan kashe ƙara ne. Hura iska a bakin kwalba ka ji sautin da take yi. Wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19, kuma da shi ake auna girman ɗakunan yadda sautinsu zai soke gurnanin da inji ke yi yayin shaƙa. A wasu injuna ma tsawon bututun da ɗakunan suna taimakawa wajen cika silinda a matsakaicin juyi, shi ya sa wata motar takan ɗan yi sanyin jiki a ƙasa bayan an cire su. Da an cire, sai gurnani ya fito fili. Mutum ya taka, ya ji ruri, zuciyarsa ta ba shi cewa mota ta tashi. Kuma saboda rurin na da daɗi, sai ƙafa ta riƙa neman sa.

Wannan ya kawo mu batun mai, inda alkawarin ya fi rauni. A motar zamani ba filta ke yanke yawan man da za a sha ba. Ƙwaƙwalwa ce ke auna iskar da ta shigo, ta ba da mai daidai da ita, sannan sensar oksijin da ke jikin salansa ta duba hayaƙi ta gyara lissafin. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. Iska ta ragu, mai ya ragu. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka ta gwada motoci da filtar da aka toshe da gangan. A masu nozul da ƙwaƙwalwa, shan mai bai canza wani abin kirki ba, saurin tashi ne ya ragu. Tsohuwar mota mai kafireto ce kawai ta nuna ƙarin shan mai. Idan toshe filta bai ƙara wa motar zamani sha ba, buɗe ta ba zai rage ba. Ina ganin daga nan ma imanin ya samo asali a garin nan. Kaduna garin Fijo ne. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri, kuma manyan makanikanmu da yawa a kan 504 suka koyi aiki. A kafireto, filta in ta toshe kamar an ja cok ne, mai ya yi yawa, hayaƙi ya yi baƙi. Abin da ogan gareji ya koya wa yaransa gaskiya ne a zamaninsa. Motocin ne suka canza.

Akwai kuma iyafulo, na'urar da Corolla da Camry da wasu da yawa ke auna iska da ita. Wata siririyar waya ce da ake ɗumamawa da lantarki, iska na wucewa tana sanyaya ta, ƙwaƙwalwa na karanta yawan sanyin. Ba duk iskar take aunawa ba, ɗan samfuri take ɗiba, sannan a ninka bisa faɗin bututun da kamfani ya sani. Yanzu a ɗauke ta daga bututu mai faɗin milimita 65 a dasa a mai 75. A ido bambancin ƙanƙane ne, amma filin da iska ke bi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Iska za ta riƙa wucewa a hankali ta gefen wayar, ƙwaƙwalwa ta ɗauka kaɗan ce ta shigo, ta rage mai. A tafiyar yau da kullum sensar oksijin za ta yi ta cike giɓin har ta kai iyakarta, sai wutar cek ta kama, mai sikanin ya ga lambar P0171, wadda ke nufin iska ta fi mai yawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan aka take totur har ƙasa, motoci da yawa sukan daina bin gyaran sensar nan take, su koma kan lissafin da aka rubuta musu. Ke nan inji na iya samun ƙarancin mai a daidai lokacin da ya fi zafi, ya fi wahala. Motocin da ke auna matsin iska a cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, maimakon iyafulo ba su cika damuwa da canjin bututu ba, don haka kafin a taɓa komai ya kamata a san wace iri ce a motar.

Duk waɗannan ana iya gyara su. Ƙura ce ba ta da gyara, kuma ita ce dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta zube mana ita a kan komai. Sauran watannin rani kuma jar ƙasar layukan Rigasa da Mando da sababbin unguwannin da kwalta ba ta kai ba ta ishe mu. A cikin ƙurar nan akwai ɓarɓashin ma'adinin yashi, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Ka tuna lita 9,000 na iska a kan kowace litar mai, ka lissafa lita nawa kake sha a wata, sannan ka tuna duk iskar nan ta bakin filta ɗaya ta bi. A nan ƙaramin bambanci babba ne. Filtar da ke tare kashi 99 cikin ɗari da wadda ke tare 98 kamar ɗaya suke a takarda, amma ta biyun tana barin ninki biyu na ƙura ta wuce. Abin da ya wuce shi ne abin lissafi.

Filtar takarda tana tacewa ne da ƙananan ramukanta, har ma takan ƙara iya tacewa idan ta ɗan ɗauki datti. Ta auduga, irin wadda kamfanin K&N na Amurka ya shahara da ita, ramukanta sun fi faɗi, don haka ta dogara ne da wani mai na musamman da ake shafa mata don ƙura ta manne. Tana son a wanke ta da abin wankinta, a bar ta ta bushe, a sake shafa man daidai kima. In ya yi kaɗan ƙura ta wuce, in ya yi yawa ya bi iska ya shafe wayar iyafulo. A ina mai mota a Tudun Wada zai riƙa samun wannan man a kai a kai? Abin da nake gani shi ne a wanke da fetur ko omo, a mayar a bushe, ko a ɗiga mata baƙin mai. Kuma galibin waɗanda ke yawo a kasuwa ma ba na wani sanannen kamfani ba ne, kwaikwayo ne marar suna. Ɗaga ɗaya ka dubi rana ta cikinta, za ka ga haske yana ɗigowa ta ramuka. Inda haske ya bi haka, ƙurar hunturu ba ta neman izini.

Idan ta shiga, sai ta haɗu da baƙin man da ke jikin silinda ta zama irin kullun da makanike ke goge bawul da shi. Ringi na hawa yana sauka a kai sau dubbai a minti. Ba a mako ɗaya ake gani ba, ba a wata ɗaya ba. Sai bayan hunturu ɗaya ko biyu mota ta fara shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi ya fara fita, ƙarfi ya tafi. A lokacin babu mai tuna filta. Za a ce baƙin man jabu ne, ko injin Beljiyam ɗin dama ya gaji. Dawakai ukun da aka saya an biya su da ringi da fistin, wani lokacin da sabon inji.

Mai karatu na iya cewa to a sa dogon bututun, wanda ke kai filta ƙasa bayan bamba inda iska ke da sanyi. Wannan ya magance zafi, gaskiya ne, kuma shi ne ya fi kusa da cika alkawarin ƙarfi. Amma sai mu tuna Agusta, lokacin da kwalbatoci ke cika ruwa ya hau titi. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. A injin lita 1.8, idan fistin ya kai ƙololuwa, filin da ya rage a samansa bai fi mililita 50 ba, cokali uku zuwa huɗu na cin abinci. Ruwan da ya wuce haka in ya shiga silinda ɗaya, sandar fistin ce za ta lanƙwashe ko ta fasa bulok. Kududdufi ɗaya ya isa.

Ba ina cewa kayan nan ba su da gurbi ba ne. Mota mai turbo da aka sake wa lissafin ƙwaƙwalwa tana jan iska fiye da yadda kamfani ya tsara, kuma a nan akwatin asali na iya zama cikas na gaske. Haka injin da aka yi wa aiki a ciki don tsere. Akwai kuma kamfanonin da ke ƙera rufaffen akwati don takamaiman mota, su bar mazaunin iyafulo a faɗinsa, su jawo iska daga waje. Waɗannan da tsada suke, ba su ne ake rataye wa a shago a ce suna shiga kowace mota ba. Wanda kuma rurin kawai yake so, kuma ya san abin da zai biya, haƙƙinsa ne. Sai dai ya je Panteka a lanƙwasa masa garkuwar ƙarfe da za ta raba filtar da hucin inji, aikin da masu walda a can za su gama cikin yini, ya sayi filta ta gaske tare da man da ake shafa mata, kada kuma ya taɓa faɗin wurin iyafulo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ƙarfin da motocinmu ke rasawa ta hanyar iska ya fi yawa a wuraren da ba su da walƙiya. Buɗe bonat goma a kowane gareji. Za ka ga tiyon da ke tsakanin iyafulo da totur ya tsage an naɗe shi da salatif, iskar da ba a auna ba, ba a tace ba, tana shiga. Za ka ga maƙallan akwati sun karye an ɗaure da waya, murfi bai zauna ba. Za ka ga filta mai arha wadda robar gefenta ba ta kama bakin akwati. Ga al'adar kai filta wurin mai faci a hure ta da iska mai ƙarfi, wadda ke yayyaga ramukan takardar, a mayar da ita fes a ido alhali ta zama rariya. Sabon tiyo, maƙallai masu kamawa, da filtar takarda mai kyau da ake dubawa a kai a kai cikin hunturu, su ne ke dawo wa mota da abin da ta zo da shi.

Bayan mako uku wutar cek ta kama a motar ɗan yayata, muka tafi gareji tare. Da makaniken ya kwance bututun, sai ya miƙa masa ya ce, "Ɗan'uwa, sa yatsanka ciki, bayan filta." Ya shafa, yatsan ya fito da jan gari mai laushi kamar hoda. Allah ya sa bai yar da akwatin folo-kom ɗin, wato na kamfani, ba, yana cikin but. Aka mayar, aka sa sabuwar filta, aka fesa wa iyafulo abin wanke shi aka bar shi ya bushe, aka goge lambar. A hanyar komawa ya ce, "Kawu, amma fa har yanzu ina jin kamar da can ta fi tashi." Na ce to mu auna. Cikin Oktoba, ruwa ya ɗauke hazo bai sauko ba, za mu sami miƙaƙƙen wuri marar cunkoso da sassafe, ni riƙe da agogo da na'urar sikanin da ke nuna zafin iskar da inji ke shaƙa, shi a sitiyari. Daga kilomita 40 zuwa 100, sau uku da akwatin kamfani, sau uku da mazurarin.